Guzurin Da Ba Ya Nauyi A Aljihu

  A wannan mako na ajiye amsa tambayoyi domin in ba da labarin kaina, ko da yake ba irin labarin da mutum zai yi alfahari da shi ba ne.

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina karantar da babin ciniki, har ɗalibai suna yi mini tsiya wai in na shiga mas'alar canjin kuɗi, wadda malamai ke kira sarfu, ba na fita sai damina ta wuce. Amma a cikin watan Agusta na 2025 na tsaya a gaban mai karɓar kuɗi a wani gidan abinci a birnin Alƙahira, iyalina da baƙona suna bayana, na'ura ta ƙi katina har sau uku. Wanzami ba ya son jarfa, gaskiya ne. To, amma tun da yawancin masu karanta wannan shafi 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati, waɗanda kan fita waje lokaci lokaci, na ga ya fi kyau in haƙura a yi mini jarfar a bainar jama'a.

Asalin tafiyar alkawari ne. Na yi karatu a Jami'ar Azhar a shekarun 1990, na zauna a Madinatul Bu'usi, watau unguwar kwanan ɗaliban ƙasashen waje, kuma tun da aka yi aurenmu nake cika wa uwargida kunne da labarin Masar, Kogin Nilu kaza, Masallacin Husaini kaza, har wata rana ta ce, "Malam, ko dai ka kai mu mu gani, ko ka sarara mana." Da aka ba yara hutun makaranta sai muka shirya kwana goma, ni da ita da 'ya'yanmu biyu. Ba Umra ba ce, ba kuwa fatauci ba. Hutu ne kawai da buɗe ido, abin da shari'a ba ta hana ba muddin an tsare salla an kuma nisanci wuraren saɓo.

A zamanin ɗalibtarmu guzuri abu ne da ake ji a jiki. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya sa baduku ya ɗinka mini ɗamara ta fata, aka jera daloli a ciki, na ɗaura ƙarƙashin riga, ban kwance ba sai da na shiga ɗakin kwana. Dala ɗaya a lokacin ba ta kai fam huɗu na Masar ba. Kowace takarda ka zaro ka san ɗamara ta rage kauri, sabo da haka ba ka bukatar mai yi maka wa'azi a kan tattali. Yanzu kuwa al'amura sun sake. Ran 6 ga Maris 2024 hukumar Masar ta saki kuɗinta ya nemi farashinsa a kasuwa, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda. Mu ma nan gida an saki Naira tun watan Yuni na 2023, kuma lokacin tafiyarmu dala ta haura Naira 1,500. Watau ke nan fam ɗaya ya ɗara Naira 30 da kaɗan. Wannan ɗan lissafi, fam sau talatin, shi ne abin da ya kamata in riƙa yi a bakin kowane kanti, shi ne kuma abin da na daina yi tun rana ta uku.

Tikitin jirgi da kuɗin masauki na biya tun daga gida. Saura na ci da sha da zirga-zirga da tsaraba. Tsarin Babban Bankin Nijeriya ya ba mai tafiyar kansa damar sayen har dala 4,000 a cikin kowane wata uku, kuma a watan Fabrairu na 2024 ya umarci bankuna su daina miƙa wannan guzuri a hannu, sai ta kati ko ta asusu. Ni dala 1,500 na iya saye, aka zuba mini a kati. Na ɗauki katina na Naira kuma, domin bayan da yawancin bankuna suka rufe amfani da shi a ƙasashen waje tun 2022, waɗansu sun sake buɗewa a watan Yuli na 2025, kowa da iyakar da ya yanka. Sa'an nan na je wurin 'yan canji neman dala 600 tsaba.

A nan ne kaɗai zan iya cewa karatuna ya yi mini rana. Ɗan canjin, mutumin kirki ne kuwa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yau babu a hannu. Ka turo Nairar yanzu a farashin yau, gobe da hantsi yaro zai kawo maka dalar har gida." Na ce masa a'a, sai dai mu bari har goben mu yi ciniki sabo. Ba don ina zarginsa ba ne. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Malik ɗan Ausu ya nemi canjin dinari ɗari, suka shirya da Ɗalha ɗan Ubaidullahi, Ɗalha ya karɓi zinariyar yana juya ta a hannu, ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo daga Gaba, wani wuri a bayan Madina. Sayyidina Umar yana jin su, ya rantse cewa kada Malik ya rabu da shi sai ya karɓi nasa. Ɗalha fa yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, babu mai shakkar amanarsa, amma duk da haka aka hana jinkirin. Malaman zamani kuwa, a Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986, sun tabbatar da cewa kuɗin takarda hukuncinsu hukuncin zinariya da azurfa ne. Sabo da haka Naira da dala a sayar yadda aka shirya, da tsada ko da araha, amma hannu da hannu, ko abin da ke tsayawa matsayin hannu, kamar shigar kuɗi cikin asusu nan take.

Kashegari da na koma sai wata mas'ala ta taso. Ina da wata tsohuwar takardar dala ɗari da ta daɗe cikin akwati, irin ta kafin mai shuɗin zare da aka fitar a 2013. Hukumar Amurka ba ta soke tsofaffin ba, amma 'yan canji a ƙasashe da yawa ko dai su ƙi karɓa ko su rage mata daraja. Nan na tuna da samarin nan na Suratul Kahfi, da suka farka suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci, masu tafsiri suka ce tsufan kuɗin ne ya tona asirinsa a kasuwa. Daga wannan ƙissa ne ma malamai suka ciro cewa riƙe guzuri ba ya warware tawakkali. Wani yaro a wurin ya ce zai karɓi tsohuwar ɗarin ya ba ni sabuwar dala 95. Wannan kuwa riba ce tsantsa, ina nufin ribar da aka haramta, ba ribar ciniki ba, tun da Hausa ta haɗa mana su biyu a kalma guda. Jinsi ɗaya ne, ba a yarda da fifiko a tsakaninsu ba, ko da ɗaya ta fi ɗaya kyau. Mafita ita ce wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa wanda ya musanya dabino maras kyau mai yawa da mai kyau kaɗan: a sayar da tsohuwar da Naira, sa'an nan a sayi sabuwa da Nairar. Mu Malikawa mun fi natsuwa in cinikin na biyu da wani mutum dabam aka yi shi. Haka na yi.

Dala 600 ɗin nan duka na damƙa wa uwargida, na ce ta riƙa yi mana hidimar yau da kullum. Kuɗinmu bai kai dala 10,000 ba, wadda ita ce iyakar da in mutum ya wuce lalle ne ya bayyana wa kwastan, a nan gida da can Masar duka. Da muka sauka muka canza kaɗan a reshen banki na filin jirgi, aka ba mu rasit. Akwai masu raɗa wa baƙo a kunne a bakin titi cewa za su ba shi farashi mai kyau. Dokar Masar ta tanadi ɗauri a kan canji a wajen banki da kamfanonin da ke da lasisi, kuma tun da aka saki fam a 2024 ɗan bambancin da ya rage bai kai mutum ya sayar da mutuncinsa dominsa ba.

A masauki akawu ya nemi katina, ya ce al'ada ce, za a riƙe dala 300 jingina ko da mun ɓata wani abu, in mun tashi a sake. Na miƙa ba tare da tunani ba. Abin da ban lura ba shi ne, wanda ke riƙe da katin bashi, kuɗin banki ake riƙe masa, ni kuwa katina na kuɗina ne, watau an ɗaure kashi ɗaya cikin biyar na guzurina tun daren farko. Da na nemi in ajiye jinginar tsaba a ba ni rasit, da ranar tashi an miƙo mini abina.

Rana ta uku muka tafi Giza ganin Ahram, watau dalar Fir'aunoni, wadda dalar gyaɗa ta Kano ta ari siffarta. Muka bi layi cikin zafin Agusta, uwargida ta ƙirgo fam ta ba ni, na miƙa ta taga, mai sayar da tikiti ya girgiza kai ya nuna wata takarda da aka manna: kati kawai. Ashe tun 2023 hukumar kula da kayan tarihi ta hana karɓar tsabar kuɗi a manyan wurare irin su Giza, da gidan tarihi na Tahrir, da Ƙal'ar Salahuddini. Ɗana ya yi dariya ya ce, "Baba, ashe dala ba ta karɓar dala." Na zaro kati, aka goga, muka shige, muka bar waɗansu baƙi suna roƙon masu kati su biya musu su ba su tsaba. Na dubi uwargida da ɗan murmushin nasara, na ce, "Kin gani ko, Hajiya? Zamanin ƙunshe kuɗi a bakin zane ya wuce." Ba ta ce kome ba.

Daga wannan rana kati ya zama sarki. Bayan Masallacin Azhar akwai lungunan masu sayar da littattafai, inda a da nakan tsaya in shafa bangon littafi in duba farashi in ajiye. Yanzu ga ni da furfura, ga kati a aljihu, ga na'ura a kan teburin manyan shagunan. Sharhin da na yi shekara talatin ina marmari, mujalladi goma sha wani abu, na ce a ɗaure. Wani bugu sabo na littafin da nake da shi a gida, na ce a ɗaure, wai takardarsa ta fi kyau. Mai shago ya kawo shayi, ya kira ni "Maulana", na ƙara biyu. Ba a taɓa ganin na ƙirga kome ba. In danna lamba huɗu, na'ura ta yi ɗan kuka ta tofo takarda, in cusa a aljihu ban duba ba. Kuma da yake tun a filin jirgi na cire layina na gida na sa na Masar domin saukin kira, saƙon nan na banki da muke ce wa alat bai riƙa zuwa ba. Aljihuna bai rage nauyi ba, wayata ba ta yi ƙara ba, babu abin da ke gaya mini cewa rijiya tana ƙafewa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa katin haram ne. Wanda ya saya da fam, banki ya cire daga dalarsa ko Nairarsa, ya yi abin da ya yi kama da na Abdullahi ɗan Umar, wanda yakan sayar da raƙuma a Baƙi'a da dinari ya karɓi dirhami, aka ce masa babu laifi in dai da farashin ranar ne, kuma ba su rabu da sauran wani abu a tsakaninsu ba. Majalisar Fiƙihun da na ambata ta zartar a Jidda a 1990 cewa rubuta kuɗi a asusun banki yana tsayawa matsayin karɓa da hannu, ta kuma zartar a Maskat a 2004 cewa katin da ke da kuɗin mai shi a bayansa halal ne, har a sayi zinariya da kuɗin waje da shi. Magabatanmu ma ba su jahilci irin wannan ba. Ibnu Hauƙal, matafiyin ƙarni na 10, ya ba da labarin takardar bashi ta dinari 42,000 da ya gani a kan wani ɗan kasuwa na Audagust, a bakin Sahara ta yamma. Illar katin a wurina ita ce, abubuwa biyu da shari'a ta nace a fito da su fili a wajen ciniki, watau sanin farashi da sanin abin da ya fita daga hannunka, su ne ya lulluɓe mini, ni kuma ban ɗaga mayafin ba.

Ga misali guda. Sau da yawa in an sa katin dala, na'urar takan yi tambaya: a cire da fam ko da dala? Ni kuwa da na ga dala sai in ji kamar na ga ɗan garinmu, in danna ta. Alhali kuwa wanda ya zaɓi dala ya yarda ke nan bankin mai kanti ya yi masa canji da farashin da ya ga dama, wanda ya zaɓi fam kuma kamfanin katinsa ne zai canza masa, kuma galibi nasa ya fi sauƙi. Daga baya da na jera rasit na yini guda, na ga a kowace dala ɗari da na biya ta hanyar farko na yi asarar wajen biyar ko shida. An rubuta farashin a fuskar na'urar da ƙananan haruffa, ba a ɓoye ba, sabo da haka ba zan ce an zalunce ni ba. Mutumin da ya ƙi jinkirin kwana ɗaya a wurin ɗan canji, shi ne ya riƙa ƙulla canji sau biyar a yini bai ko karanta farashin ba.

A daren rana ta bakwai na gayyaci wani tsohon abokin karatuna cin abinci. Tare muka zauna a Madinatul Bu'usi, amma shi ya bar allo ya kama fatauci, yana kai da kawowa tsakanin ƙasashe. Muka ci, muka tuna da, aka kawo takardar kuɗi, na tashi da sauri don kada ya riga ni. Na'ura ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Aka kawo wata, ita ma ta ƙi. A lissafin da ke kaina ban kashe fiye da dala 700 ba. Na zaro katin Naira, shi ma ya ƙi, domin ashe sai mutum ya shiga manhajar bankin a waya ya buɗe masa izinin aiki a ƙasar waje, manhajar kuwa ba ta buɗuwa sai da lambar da za a aiko ta layina na gida, layin da ke kwance cikin akwati, ban kuma sa an buɗe masa aiki a waje ba. Na waiwayi uwargida, ta ce abin da ke jakarta na yau ne kawai, kuma ya kusa ƙarewa. Abokina ya miƙa nasa katin yana dariya, ya ce, "Haba Ustaz, da ma ai ni ne ɗan gari." Na gayyaci mutum ya ciyar da ni da iyalina. 'Yata ta sunkuyar da kai, wannan kuwa ya fi kome yi mini ciwo.

A hanya ya ja ni gefe, da kyakkyawar niyya, ya ce kada in damu. Yana da katin bashi na wani bankin waje. Mu tsaya a na'urar cire kuɗi ya ciro mini ko nawa nake so, in mun koma gida in biya shi tare da ɗan abin da bankin zai ɗora. Na tambaye shi mene ne ɗan abin. Ya ce kashi kaza cikin ɗari na ladan cirewa, sa'an nan kuɗin ruwa da ke fara hawa tun daga ranar, domin kwanakin rangwamen da ake ba mai sayen kaya ba a ba mai cire tsaba.

Ba zan ɓoye ba, na yi shiru na ɗan lokaci, kuma shirun ba na neman hukunci ba ne, domin hukuncin na san shi. A zamanta na Riyad a shekarar 2000 Majalisar ta zartar cewa katin bashi da aka shardanta kuɗin ruwa a cikinsa bai halatta a fitar da shi ko a yi hulɗa da shi ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Ta yarda da lada tsayayye na hidima, wanda ba ya ƙaruwa da yawan kuɗi ko tsawon kwanaki. Na san akwai malaman da suka sassauta wa wanda ke zaune inda ba shi da wata hanya, in ya tabbata zai biya cikin lokaci. Amma wannan da ake yi mini tayi ruwansa tabbatacce ne tun daga daren. Shirun na neman kafa ne. Zuciya ta fara karanto mini babin larura: kai baƙo ne, kana da iyali, saura kwana uku. Sai na tambayi kaina, wace larura? Masauki an biya, tikitin komawa yana hannu. Ko da ta kai ga yunwa, Allah ya riga ya yanka wa matafiyin da guzurinsa ya yanke rabo a cikin zakka, a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ko da mawadaci ne a garinsu, in bai sami mai ba shi rance ba, kamar yadda malamanmu suka shardanta. Watau akwai rance maras ruwa, akwai zakka, duk kafin a zo ga riba. Abin da nake so in kare da bashin shi ne girmana a idon yara, da sauran tsarabar da ban saya ba. Na yi masa godiya na ce a bari sai da safe.

Da muka koma masauki na zazzage aljihuna a kan gado, rasit ya fi talatin. Ɗana ya riƙa karantowa ina tarawa. Dala 1,190 da 'yan kai, fiye da 500 a ciki littattafai ne. A haɗa da 300 da aka riƙe, abin da ya saura a katin bai kai kuɗin shayi ba. Ina zaune na dafe kai, sai uwargida ta buɗe akwatin ƙarfen nan na ɗakin, ta fito da ambulan guda uku da wani ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta. Ashe tun daren farko ta raba kuɗin gida goma sha ɗaya, kowace rana da ambulanta, na goma sha ɗaya kuma ta rubuta masa "ko da". Kullum da safe ta ɗauki ɗaya, abin da ya ragu da dare ta mayar cikin na "ko da". Kowane fam da ta ba mai tasi, da mai ful da ɗa'amiyya, da mai tsaron takalma a masallaci, yana cikin littafin, a gefensa ta buga shi sau talatin ta rubuta da Naira. Ta ce, "Malam, ai ni in ban mayar da shi Naira ba, ba na jin zafinsa." Sa'an nan ta zaro na huɗun daga ƙarƙashin littafin. Abin da ke hannunta duka ya kusa dala 300. Maganar bakin zane kuwa ba ta tayar ba, har yau.

Daren nan barci ya ƙaurace mini, na riƙa tuna Mansa Musa, Sarkin Mali, wanda ya sauka a wannan birni a 1324 a kan hanyarsa ta Hajji, zamanin Sarki Nasiru Muhammadu. Al-Umari, wanda ya tattara labarin bayan shekara goma sha biyu, ya ce zinariyar da suka zubar ta sa miskali ya faɗo daga dirhami 25 zuwa 22, kuma 'yan kasuwar Alƙahira sun riƙa sayar wa mutanensa tufar da ba ta kai dinari ɗaya ba a kan dinari biyar. Da ya dawo daga Makka guzuri ya ƙare, sai da ya ci bashi a hannun waɗannan 'yan kasuwa da ƙari mai nauyi. Ɗaya daga cikin masu bin bashin, Sirajuddini ɗan Kuwaiki, ya bi sawu har ƙasar Mali, ajali ya riske shi a Tambutu, Ibnu Baɗuɗa ya ga kabarinsa a can, ɗansa ne ya ƙarasa ya karɓo kuɗin. Sau nawa na ba ɗalibai wannan labari ina jinjina yawan zinariyar, ban taɓa tsayawa a kan ƙarshensa ba sai da na kwana a garin da abin ya faru da kati wayam.

Kwana ukun da suka rage su ne suka fi daɗi a tafiyar. Muka bar tasi muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, muka ci kushari a inda ɗalibai ke ci, muka yi sallar Juma'a a Azhar, na nuna wa yara wajen da ake kira Ruwaƙin Barnawa, inda ɗaliban ƙasarmu suka zauna tun ƙarnoni da suka wuce. A Khan Halili uwargida ta yi cinikin tsaraba da tsaba, kuma na lura mai kanti yakan sauko da farashi in ya ga takarda a hannu ana shirin mayar da ita jaka. Ƙananan kuɗi, waɗanda Misirawa ke kira fakka, sun fi manya amfani a titi, domin mai tasi da mai shayi kullum ba su da canji. Kati kuwa ba a yar da shi, tun da akwai ƙofofin da ba sa buɗuwa sai da shi, kuma in ya ɓace ana iya rufe shi, tsaba in ta tafi ta tafi. Sai dai in Allah ya sake nufa na fita, layina na gida ba zai bar waya ba, zan gwada kowane kati tun ranar sauka da ɗan abu kaɗan, in na'ura ta tambaya in zaɓi kuɗin ƙasar, kuma kowane dare bayan Lisha in zauna da rasit da alƙalami kamar yadda ɗan kasuwa ke yi in ya rufe rumfa.

A filin jirgi aka auna kayanmu, littattafai suka haura nauyin da aka yarda da kilo ashirin da wani abu, kuɗin ƙarin kuwa sai da kati ko tsabar da ba mu da ita. Wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ya rako mu ya koma da kwali guda Madinatul Bu'usi, a ciki har da sharhin nan na shekara talatin. Dala 300 ta jingina ta dawo cikin katin bayan mun yi kwana goma sha tara a gida. Na aika wa abokina kuɗin abincin, ya mayar, ya ce in na sake zai yi fushi. Kwalin yana can har yanzu, ɗalibin ya aiko mini cewa ya kai mujalladi na huɗu, yana roƙon in ƙara masa lokaci.